Jikan da Makcik Salmah Take Jira

Tun da na dawo daga Malesiya ban huta da tambaya ba. A Islamiyya, a gidan biki, har a layin karɓar magani sai wata ta matso ta ce, "Hajiya, wai da gaske ne a can gwamnati ce take roƙon mata su haihu?" Kullum sai in ba da rabin labari, a kira sallah ko a kawo abinci, in bar rabi. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya.

Ga wadda ba ta san ni ba, ungozoma ce ni. Na yi shekara talatin da ɗoriya a asibitocin gwamnati a Kano kafin in yi ritaya. Rabin aikina karɓar haihuwa, rabi kuma lallashin mata su ba da tazara. Abin da ya kai ni Kuala Lumpur kuwa jego ne. Rukayya, 'yata ta biyar, tana can da mijinta Auwal, malamin jami'a da aka tura karatun digiri na uku. Haihuwarta ta fari gida ta zo ta yi, amma wannan karon likita ya hana ta doguwar tafiya, don haka ni na tafi.

Tun a filin jirgin Kano aka fara. Na cika akwati biyu da kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kanwa, gero, yajin jego, turaren wuta da kilishi. Sikeli ya ce kaya sun yi yawa. A gaban jama'a na durƙusa na zuge akwati, na raba geron biyu, na miƙa wa ƙanwata da ta rako ni. Muka tashi, muka yada zango a Addis Ababa, inda na yi awa shida a kan kujerar ƙarfe kusa da wata 'yar kasuwa mutuniyar Aba. Ita ta nuna mini inda ake alwala, ko da yake ba musulma ba ce, ta kuma tsare mini jaka har na idar.

A Kuala Lumpur masu koren fasfo irin namu ba a sallamar su da wuri. Jami'ar da ta duba ni yarinya ce da ba ta fi sa'ar Rukayya ba, da ɗan mayafinta daidai kai. Ta nemi tikitin komawa, ta nemi wasiƙar Auwal, ta tambayi aikina. Da ta buga hatimi sai fuskarta ta saki, ta ce, "Ungozoma? To ke 'ya'yanki nawa?"

Mu dai ba ma ƙirga 'ya'ya a gaban mutane, amma fasfona yana hannunta. Na ce takwas. Ta juya ta kira ta kusa da ita da yarensu, ita ma ta leƙo tana kallona kamar na ce na haddace littafi. Na ce, "Ke fa?" Ta ɗaga yatsa ɗaya, ta ce, "Ya isa lah." Wannan "lah" ɗin a ƙarshen kusan kowace magana suke saka ta. A wajen masu duba kaya aka karɓe kilishin, don ba a shiga da nama. Daddawar kuwa mutumin ya buɗe ya shinshina, ya yi maza ya rufe ya ce in wuce.

Auwal ya tarye ni. Tafiyar awa guda muka yi a mota, yana gaba kusa da direba, bai yarda mun haɗa ido ba, sai "Umma, ya hanya?" da ya maimaita sau uku. Gidansu yana hawa na goma sha huɗu a wani dogon bene kusa da kasuwar Chow Kit, ɗaki biyu da falo. Kowa a ƙofa yake cire takalmi, don haka in kika bi baranda za ki san mutanen kowane gida ba tare da kin gan su ba. Abin da na fara lura da shi ke nan: ƙofa goma sha biyu a hawanmu, uku kaɗai ke da takalman yara, kuma ɗaya a ciki tamu ce.

Jikata Amira, 'yar shekara huɗu, ta ƙi amsa mini da Hausa. In na ce zo nan, sai ta ce "Boleh," wato to. Da safe ta ja hannuna tana cewa, "Nenek, makan," wai kaka, a ci abinci. Abincin kuwa shinkafa ce tun da sanyin safiya, an dafa ta da madarar kwakwa, an zuba gyaɗa da ƙananan kifi da wani yaji mai zaƙi a gefe. Komai nasu da sukari, har miya. Na yi kwana uku ina ci don kunya, a na huɗu na tuƙa tuwo.

Ran da Rukayya ta fara kai ni kasuwa na yi abin kunya. Muna jiran jirgin nan da ke tafiya a kan gada ɗaya, sai ga wata budurwa tana tura keken jarirai mai rufin raga. Na yi kwanaki ban ga jariri ba, sai na sunkuya ina cewa masha Allah. Kyanwa ce a ciki, fara, ƙatuwa, da ɗan ƙararrawa a wuya. Budurwar ta ji daɗi ƙwarai, har ta gaya mini sunanta. Rukayya ta yi dariya har sai da ta riƙe ciki na ce ta bari kar ta haihu a tasha.

Da muka koma na ba Auwal labari, shi ne ya yi mini bayani, kansa a sunkuye. Ya ce, "Ai Umma, abin yana damun gwamnatinsu. Haihuwa tana ta raguwa, tsofaffi suna ƙaruwa, suna tsoron nan gaba a rasa masu aiki. An ƙara wa mata hutun haihuwa ya haura wata uku, maza ma ana ba su mako guda. Ana rage wa mutum haraji saboda 'ya'ya, da kuɗin gidan raino. Wanda kuma yake neman haihuwa bai samu ba, akwai tallafin asibiti, har an yarda ya taɓa ajiyarsa ta fansho ya yi magani." Na ce ku fa? Ya ce su baƙi ne, babu su a ciki. Sai na tuna yawun da na ƙarar a ɗakin awo ina roƙon mata su huta shekara biyu kacal.

Rukayya ta sauka ranar wata Talata da hantsi, namiji. Asibitin tsaf, amma shirun ɗakin masu jego ya dame ni. Ni da na saba da mata biyu a gado ɗaya, ga dangi cike da baranda da kwanukan abinci, nan sai gadaje a gyare babu kowa a kai.

Da muka dawo gida aka shiga maganar wanka. Babu itace, babu tsakar gida, babu ganyen darbejiya. A kan gas na riƙa dafa ruwa a babbar tukunya ina jidarsa zuwa banɗaki. Kwana na uku na ce ai ɗakin mai jego ba ya zama babu turare. Na hura gawayi a kasko, na fitar da shi baranda ya kama sosai, na zuba turaren wuta. Ban san akwai na'urar jin hayaƙi a saman kaina ba. Wata ƙara ta tashi wadda ban taɓa jin irinta ba. Ƙofofin nan da ban taɓa ganin an buɗe ba duk suka buɗe, mai gadi ya hauro yana haki, ga ni tsaye da kasko a hannu.

A nan na haɗu da Makcik Salmah. Makcik a wajensu kamar mu ce inna ko gwaggo. Ƙofarta tana kallon tamu. Gajeriya ce, ta girme ni kaɗan, malamar firamare ce da ta yi ritaya, mijinta ya rasu. Ita ta sallami mai gadin, sannan ta matso ta shaƙi hayaƙin ta ce da Turanci, "Kakata ma haka take yi. An haihu ne?" Bayan awa guda ta yi sallama, ɗauke da wani dutse da aka gasa aka naɗe da ganye da tsumma, da wani dogon ƙyalle na ɗaure ciki. Ashe su ma suna jego, nasu ma kwana arba'in da huɗu ne. Ta gasa wa Rukayya ciki da dutsen, ta naɗe ta tun daga ƙugu har ƙirji. Ni kuma na ba ta kunun kanwa. Ta kurɓa sau ɗaya, ta ce da daɗi, ta ajiye kofin a bayan kujera.

Daga ranar kullum sai ta shigo da hantsi. Ta karɓi jaririn, wanda aka sa wa Sadiƙ, ta zauna da shi awa biyu tana yi masa waƙa. 'Ya'yanta huɗu, amma jikanta ɗaya tak, shi ma yana wata ƙasa, a waya take ganinsa. Ta ce makarantar da ta koyar, a da aji uku ake yi wa 'yan shekarar farko, yanzu ɗaya ma da kyar yake cika.

Wata rana Rukayya tana barci, Makcik ta rage murya, ta kira ni da Hajiya irin ta yarensu, ta ce, "Hajjah, ke ungozoma ce, kuma ƙasarku ana haihuwa. Ba ki zo da wani magani ba?"

Na ce na wa?

Ta ce na autarta Nurul. Shekara bakwai da aure, tana aiki a banki, mijinta Hafiz yaron kirki ne. "Amma ta ƙi. Kullum aiki, aiki. Duk abin da gwamnati ta sanar sai na yanko daga jarida na saka mata a jaka, ko in tura mata a waya. Gwamnati ma ta roƙe ta, ta ƙi. Ko maganin ba ki da shi, ki yi mata magana. Wataƙila ta ji ta baƙuwa."

Na riga na ga Nurul sau biyu, don duk Lahadi take zuwa gaida mahaifiyarta. Ta kawo wa Sadiƙ riguna masu kyau, amma daga bakin ƙofa ta miƙo, kuma da Rukayya ta miƙa mata shi sai ta ce tana mura. A aikina na ga mata iri-iri. Wadda ba ta son haihuwa takan karɓi jariri ta yi masa wasa ta mayar, ko a jikinta. Wadda take nema ce take tsoron karɓa. Ban gaya wa Makcik haka ba, na dai ce zan gwada.

Ita ta shirya Nurul ta raka ni sayen tsaraba a layin Masjid India wata Asabar. Muka shiga jirgin ƙasa, muka sauka kusa da wani tsohon masallaci, muka yi ta yawo cikin shagunan mayafai da yadi. Nurul ta iya ciniki, ta hana ni sayen wasu mayafai ta ce za su koɗe. Da ƙafata ta gaji muka zauna a shagon mamak, wato Indiyawa musulmi masu sayar da abinci, aka kawo mana shayin nan da suke ja tsakanin kofi biyu har ya yi kumfa.

Ba ta bari na fara ba. Ta ce, "Makcik, na san Mak ce ta aiko ki." Ni ma Makcik take kira na, Mak kuma shi ne uwa. Sai ta jero mini dalilai kamar ta saba jero su. Gida a cikin gari ya fi ƙarfin matasa, sai a bayan gari, mutum ya yi awa biyu a hanya kullum. Gidan raino yana rufewa kafin a tashi daga ofis. Iyaye suna ƙauye ko sun tsufa. Ta ce, "Abokan aikina da yawa ɗa ɗaya suka yi suka tsaya, kuma ban ga laifinsu ba. Ragin haraji ba ya zuwa ya ɗauko yaro da ƙarfe shida. Hutun wata uku yana ƙarewa, yaron kuma yana nan."

Na ce, "Duk gaskiya ne, na ga yadda tawa 'yar take fama babu mai kama mata. Amma wannan labarin abokan aikinki ne. Ke sau nawa kika gwada?"

Ta ajiye kofin. Ta ce, "Biyu."

Sau biyu an haɗa musu ƙwai a asibiti an dasa, bai zauna ba. Tallafin nan da mahaifiyarta take yanko mata a jarida, ita ta riga ta nema ta samu tun kafin Makcik ta ji labarinsa. Ajiyarsu ta fansho ma sun taɓa. Allurai a ofis take yi wa kanta, a banɗaki. Duk sanda sakamako ya fito babu, sai ta zauna a cikin mota a ƙasan asibitin ta yi kukanta, ta wanke fuska ta koma aiki.

Na ce me ya hana ta gaya wa mahaifiyarta? Ta ce likita ya ce matsalar daga wajen Hafiz take. "Mak tana sonsa kamar ita ta haife shi. Gara ta ɗauke ni mai taurin kai da ta riƙa kallonsa da tausayi. Ba zai iya ɗauka ba."

Ban da magani a akwatina, kuma na gaya mata haka. Likitocinsu sun fi ni kayan aiki nesa ba kusa ba. Na ce, "Amma abu ɗaya na sani. Ba dole ba ne ki ce wane ne. Ki ce mata muna nema, Allah bai kawo ba tukuna. Ku biyu kuke nema, ba ƙarya kika yi ba." Ta roƙe ni kar in faɗa, na yi mata alkawari. Ko yanzu sai da na nemi izininta kafin in rubuta, kuma sunayen nan ba nasu na gaskiya ba ne.

Washegari da hantsi Makcik ta shigo, ko Sadiƙ ba ta karɓa ba ta ce, "Yaya?"

Na ce, "Maganin da nake da shi naki ne, ba nata ba. Ki daina ba ta takardun nan. Ki yi wata guda ba ki tambaye ta komai ba. In ta zo ki ba ta abinci, ku yi hirar duniya."

Fuskarta ta canza. Ta ce, "Ke mai jikoki cike da gida, da sauƙi ki faɗi haka." Ta tashi ta fita. Kwana uku ba ta shigo ba. Rukayya, da ba ta san komai ba, ranta ya ɓaci. Ta ce, "Umma, me kika ce mata? Ke tafiya za ki yi, ni ce zan zauna da su. A duk benen nan ita kaɗai nake da ita." Ban iya kare kaina ba, don kariyar tana cikin abin da na yi alkawarin rufewa. Na ce ta yi haƙuri kawai. Kwanakin nan uku sun fi mini duk tafiyar nauyi. Na yi ta tunanin wa ya aike ni shiga tsakanin uwa da 'ya a ƙasar da ko gaisuwarsu ban gama iyawa ba.

A rana ta huɗu Makcik ta yi sallama da kwanon farfesun kaza mai citta, ta ajiye, ta karɓi Sadiƙ ta zauna a kujerarta. Ba ta ɗauko maganar ba, ni ma ban ɗauko ba.

Muka yi arba'in ɗinmu, Makcik ta sa muka ƙara kwana huɗu don a cika nata. Ranar fita Auwal ya kai mu Kampung Baru, wata tsohuwar unguwar Malayawa mai gidajen katako a tsakiyar dogayen benaye, muka ci gasasshen kifi a ganyen ayaba. A nan Rukayya ta gaya mini tana so ta huta shekara huɗu kafin wani, ta yi nata karatun. Tana faɗa tana satar kallona. Na ce Allah ya taimaka, in dangin mijinki sun yi magana ki turo su wajena.

Saura mako guda in taho, wata Litinin, Makcik ta shigo idanunta a kumbure. Ta jira Rukayya ta shiga wanka, ta zauna kusa da ni ta ce, "Ta gaya mini jiya. Shekara uku, Hajjah. Shekara uku ina cusa mata takardu a jaka, ashe daga asibitin take zuwa wajena." Ta share hawaye da bakin mayafi. "Kin sani tun ranar nan ko?"

Na ce na sani.

Ta ce, "Ban tambaye ta ko daga wajen wa ne ba. Ba na so in sani." Na ce ta yi daidai.

Dawowa ba ta yi wahala ba, sai dai akwatin ya sake yin nauyi, wannan karon da mayafai da dutsen gashin da Makcik ta dage sai na taho da shi. Amira ta raka ni filin jirgi, kuma a can ne ta fara ce mini "Sai wata rana" da Hausa, bayan uwarta ta raɗa mata.

Wata biyu da dawowata Nurul ta kira ni, ina tsakar gida ina tsince shinkafa. Sun yi gwaji na uku. Bai zauna ba. Na yi ta salati kamar ba ni ce na shekara talatin ina gaya wa mata labari mai daɗi da marar daɗi ba. Ita ce ma ta riƙa ba ni baki. Ta ce za su huta tukuna, sai su ga abin da Allah zai yi.

Ta ce, "Amma wannan karon Mak ce ta raka ni. Tun safe ta zauna a kujerar jira da carbinta. Da muka fito ta karɓi makullin motar ta saka a jakarta, ta ce yau babu ofis. Muka hau tasi muka tafi gida, ta dafa mini shinkafa, ta kira Hafiz ta ce ya zo ya ci."